Kwalin da Ya Fi Gida Tsada

A shekarar 1952, kamfanin Topps na Amurka yakan haɗa katin 'yan wasan besbol da cingam a ƙunshi ɗaya. Yara su tauna cingam, katin kuma su maƙala shi a ƙafar keke don ya riƙa ƙara kamar babur. Wanda ya tsira, uwa ta share ta kai juji.

A watan Agustan 2022, aka sayar da guda ɗaya daga cikin katunan nan, mai hoton ɗan wasa Mickey Mantle na ƙungiyar New York Yankees, a kan dala miliyan 12.6. Kwali ne fa, da kyar ya cika tafin hannu!

Yanzu duk dattijon Ba'amurken da ya tuna tsintsiyar mahaifiyarsa sai ya yi ajiyar zuciya. Ni kuwa ko kwalin ashana na daina yarwa.