Ƙarfe Huɗu Daidai

Duk garin da ya isa a kira shi gari, ko da sau ɗaya kasuwarsa ke ci a mako, yana da ƙungiyar ci gaba. Tana da kundin tsarin mulki, da hatimi, da allo a bakin hanya mai hoton hannu biyu suna musabaha. Tana kuma da taro duk Lahadi bayan la'asar a ajin firamare, inda manyan gari ke cusa babbar riga a bencin yara.

Takardar gayyata ta ce ƙarfe huɗu daidai. Wanda ya gaskata takardar, shi da maigadi ne za su share aji. Sai wajen biyar da rabi ake buɗewa da addu'a, sannan mai tsawatarwa ya miƙe da littafin tara. Tarar makara tana hawa kan kowa ban da Ciyaman, don shi ba ya makara. Sa'ad da ya iso, lokacin taro ya yi ke nan.

Daga nan Sakatare ya karanta abin da aka tattauna makon jiya, a nan kuwa ake zubar da gumi. Wani dattijo ya ɗaga hannu: "Ranka ya daɗe, ni ban ce Ma'aji ya ci kuɗi ba. Cewa na yi kuɗi sun shiga wajen Ma'aji, har yau ba su fito ba." Ma'aji ya zabura yana neman a ɗauko masa Alƙur'ani, a riƙe shi, a ba shi haƙuri. Ana cikin haka wani ya koka cewa an rubuta sunansa tsirara, alhali kowa ya san ya sauke farali bara. A gyara, a sa Alhaji. Kafin a amince da rubutun makon jiya, ladan ya fara gyaran murya.

Batu na bakwai a ajanda shi ne kwalbatin hanyar asibiti, wanda ya girmi wasu 'yan ƙungiyar zama a cikinta. Duk damina ruwa ya yanke hanya, masu naƙuda su zagaya ta bayan gari. An kafa masa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙaramin kwamitin kuma yana jiran kuɗin mai don ya je ya ga wurin da kowannensu ke tsallakewa kullum da safe. Taron tsintsiya, in ji masu iya magana, ba shara.

Wannan al'ada ta haɗuwa mako-mako da sunan hidimar jama'a tana da dangi a ƙetare. A 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya haɗu da abokansa uku a Chicago ta Amurka suka kafa Rotary. A 1961 ta iso Kano, har wani lauyan Kano, Jonathan Majiyagbe, ya shugabance ta a duniya baki ɗaya daga 2003 zuwa 2004, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Su ma fa ba baya ba ne wajen son ƙararrawa da bajo da liyafa da cin tara. Sai dai a 1985 sun sa cutar shan inna a ajandarsu, suka bi ta da kuɗi da rigakafi tare da gwamnatoci da sauran hukumomi, har a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ainihin ƙwayar cutar ta bar Afirka. Namu mutanen sun ga tsarin ya burge su, suka ari ƙararrawar. Da ma can muna da gayya, wadda makaɗi da ƙwaryar fura ke gamawa kafin azahar, amma gayya ba ta da kujerar mataimakin sakataren yaɗa labarai, don haka ta tsufa.

Kada a yi wa ƙungiya rashin adalci, sau ɗaya a shekara tana motsawa. Ranar ake raba gidan sauro a asibitin gari. A yi anko, a kafa rumfa, a yi hayar kujeru da lasifika, a ɗauko maroƙi da mai hoto. Kuɗin rumfar kaɗai ya isa a sayi wani gidan sauron ninki biyu. Majinyaciya ta riƙe kunshin, manya goma sha suna dafe da gefensa suna murmushi, mai hoto ya ce a sake, Ciyaman ya ƙifta ido. Babban baƙo kuma ya yi alkawarin siminti buhu ɗari don kwalbati, a yi tafi har da guɗa. Simintin yana hanya. Hanyar ce dai ruwa ya yanke.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana faruwa ne a bakin ƙofa, bayan addu'ar rufewa, kowa na laluben takalminsa. Sai wani ya ce, "Af, jama'a, an kwantar da iyalin Malam, likita ya ce sai an yi aiki." Nan take wani ya tuɓe hula ya miƙa. Babu ajanda, babu mai goyon baya. Alhajin da ake bin sa bashin kuɗin wata tun bara ya zura hannu a aljihun ciki, Ma'ajin da ake zargi ya ba da abin da ya fi na kowa, mai a-kori-kura ya ce shi zai kai su birni kyauta. Kafin a tayar da sallar magariba kuɗin aiki sun haɗu.

Lahadi mai zuwa kuwa sai ga hannu a sama tun kafin Sakatare ya buɗe littafi.

"Ranka ya daɗe, ina da gyara. Kuɗin nan da aka tara a bakin ƙofa, wa ya ba da izini? Ina rasit? Sashe na nawa ne na tsarin mulki ya ce a yi taimako bayan an rufe taro?"

Ciyaman ya gyaɗa kai, ya ce lallai magana ce babba. Aka kafa kwamiti mai mutum biyar ya binciko, aka ba shi mako biyu, aka kuma naɗa Malam ɗin da kansa ya zama sakatarensa.