Bayan Wannan, Sai Wanne?

Mu dai a nan Ƙofar Ran ta Bauchi karanta littafi ba ya ba mu wahala, zaɓensa ne aiki. Ranar da aka rufe shafin ƙarshe, aka yi wa marubuci addu'a in ya riga mu gidan gaskiya, ko aka yaba masa aka kushe shi in yana raye, to ranar ce hayaniya ke tashi. Mai shayin bakin titi ma ya gane ta. Da ya ji muryoyi sun ɗaga daga zaure bayan la'asar sai ya ƙara itace, don ya san yau ba mai tashi sai ladan ya kira magariba.

Majalisar tamu ba wata babba ba ce. Tabarma biyu ce da benci ɗaya a zauren wani dattijo da ya daɗe yana koyarwa a firamare kafin ya ajiye alli, kowa Baba Malam yake ce masa. Akwai tela, akwai mai shago a kasuwar Wunti, akwai malamin Islamiyya, akwai ma'aikacin jinya, sai samari 'yan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke leƙowa in ba su da lacca. Mutum ɗaya ke karantawa a bayyane, saura na saurare, duk wanda magana ta tsaya masa a rai ya ce a dakata. Mata ba sa zama a zauren, amma kada wannan ya ruɗe ka. Littafin da muka karanta da yamma a cikin gida yake kwana, kuma kafin mu kai tsakiya su sun kai ƙarshe. Sau da yawa mutum zai zo yana kafa hujja da ƙarfinsa, alhali kowa ya san a gindin murhu aka ɗora masa ita.

Baba Malam ba ya canja ra'ayi. Ko yaushe aka tambaye shi, Magana Jari Ce. Zai gyara zama ya tuna mana cewa Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, littafi uku, suka fito a ƙarshen shekarun 1930, kuma har yau bai ga wanda ya sarrafa Hausa kamarsa ba.

"Baba, ai mun karanta shi a sakandare, har jarrabawa aka yi mana a kai," in ji ɗaya daga cikin samarin.

"Karatun jarrabawa daban, ɗana. Kun san aku ya hana Musa fita, amma ba ku tsaya kun ji yadda ya hana shi ba."

Gaskiyarsa ce, kuma ba mai musu. Sai dai mun riga mun yi littafi na ɗaya tare da shi, mun yi Ruwan Bagaja, kuma in aka biye wa Baba Malam sai mu shekara ba mu bar gidan Imam ba.

Samari su kuma nasu biyu ne. Wasu na son mu taɓa na Turanci, suna kawo Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015 ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016. Littafi ne mai kyau, ni ma na ce haka. Amma tela ya yi tambayar da ta kashe zancen: "To ni da ban yi boko mai zurfi ba, in zauna ina kallon bakinku?" Ban da haka, labarin bazawara ce mai jikoki da wani saurayi ɗan daba, kuma akwai wuraren da ba yaron da zai iya karanta su a bayyane Baba Malam na zaune. Wannan na karatun ɗaki ne, kowa da fitilarsa. Wasu kuma labaran waya suke so, irin waɗanda ake sakowa shafi-shafi a WhatsApp. Ban raina su ba, don nan ne yawancin 'yan matanmu ke karatu yanzu, kuma a cikin marubutan akwai masu hannu ƙwarai. Matsalarmu da su ita ce ba ka sanin ranar da labari zai ƙare, wani lokaci ita marubuciyar ma ba ta kai ga yanke shawara ba. Majalisa kuwa tana son abin da za ta riƙe a hannu ta ga kaurinsa, ta ce wannan kafin azumi mun gama.

Malamin Islamiyya a kullum tarihi yake ja mana. Yana cewa ganuwar da ƙofarmu take jikinta Malam Yakubu ne ya gina ta, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, amma a tambayi yaran unguwa yadda aka yi ya karɓo tuta a ji ko mutum nawa za su amsa. Shi Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake so. Mun yi masa alkawari, amma mun ce sai in shi zai riƙa karantawa yana warware mana, don ba littafin da za a miƙa wa kowa a ce ja mu je ba ne.

Ana cikin wannan ne saƙon cikin gida ke isowa. Wata 'yar jikar Baba Malam ta leƙo, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, Inna ta ce in gaya muku, in kuna da ƙarfin hali ku ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne."

Zaure ya yi tsit. Mai shagon Wunti ya shiga gyaran hularsa, wani ya tuna bai sha shayinsa ba. Duk wanda ya san littafin ya san inda aka nufa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ce ta rubuta shi a 1990, labarin Alhaji Abdu ɗan kasuwa da ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta saboda sabon aure, da yadda Rabi ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci ta riƙe yaran, da yadda duniya ta juya wa Alhajin baya. Har Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Matan unguwar nan sun daɗe da saninsa tun zamanin shagunan hayar littattafai, lokacin da ake aiken yaro da 'yan kuɗi ya karɓo na ɗaya ya mayar ya karɓo na biyu. Mu maza ne muka yi ta ce wa irin waɗannan littattafai na soyayya, muna wuce su ba mu buɗe ba. Ni ina ganin Inna ta fi mu gaskiya. Majalisar da ta iya zama ta tattauna zaluncin sarakunan da, ya kamata ta iya zama ta tattauna abin da ake yi wa mace a bayan katangar zaurenta.

Wajen zaɓen littafi, da can hannu muke ɗagawa. Sai muka lura ba yaron da ke iya ɗaga hannu a kan abin da Baba Malam bai ɗaga ba, kunya ba ta bari. Yanzu takarda ake yagawa ƙanana, kowa ya rubuta sunan littafi ya naɗe ya jefa a hular Baba Malam, wata tsohuwar zanna da bakinta ya fara sakin zare. Na cikin gida kuma a kwanon sha ake kawo su, an rufe da faifai. Tela ke ƙirgawa, don shi ne ba a taɓa jin ya goyi bayan kowa ba.

Kafin a kai ga hula, akwai abin da wuya ta koya mana. Littafi sai wanda za a samu. Mun taɓa zaɓen Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da murnarmu, aka zaga masu sayar da littattafai na gari ba a samu ba, aka yi sautu Kano, daga ƙarshe kwafi ɗaya ya zo, shi ma aro. Wanda ya tafi da shi gida ranar Asabar sai ya hana kowa sakat har Laraba. Sannan littafi sai wanda za a karanta a gaban suruki ba a sunkuyar da kai ba. Abin da ya fi waɗannan a wurina shi ne ya zama littafin da zai raba mu. Wanda kowa zai ce ma sha Allah a tashi, bai ci tabarmar da aka shimfiɗa masa ba.

Shi ya sa a wannan karon ni Shaihu Umar zan rubuta a takardata, kuma ina faɗa tun yanzu kowa ya ji.

Kabarin wanda ya rubuta shi yana nan unguwarmu. Tun 1979 aka buɗe ginin, motocin 'yan makaranta na zuwa daga garuruwa masu nisa, baƙi na tsayar da mu a hanya su ce ina ne kabarin Tafawa Balewa, mu nuna musu da hannu. Mun san shi Firayim Minista ne, mun san an kashe shi a Janairun 1966, mun san fuskarsa a jikin naira biyar. Amma da na tambaya a zaure wa ya karanta littafinsa daga farko har ƙarshe, Baba Malam ne kaɗai ya amsa da ƙarfi. Wasu fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 suka gani, wasu wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin suka karanta a makaranta. Saura suna kawai suka sani.

Ga samarinmu da ke ganin littafin tsofaffi ne, ku lissafa. An haifi Abubakar Tafawa Balewa a 1912. A 1933 ya gama Kwalejin Katsina ya dawo Bauchi koyarwa a Midil, a shekarar ce kuma Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Shaihu Umar ya fito a 1934. Ashe sa'anku ne ya rubuta shi, malamin makaranta da bai wuce shekara 22 ba. Kuma yayin da abokan gasarsa suka bi hanyar ban dariya da aljanu da yaƙe-yaƙen jarumta, shi sai ya zaɓi ya ba da labarin bauta.

Nan ne nake sa ran zaure zai yi zafi. Shaihu Umar malami ne a Rauta, nan ƙasar Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa ya ba su labari. Akwai Makau, mijin uwarsa, da 'yan uwansa fadawa suka yi wa sharri bayan an dawo daga harin kamo bayi har aka kore shi daga gari. Akwai satar yaron, da yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim aka ƙetare Sahara da shi. Akwai uwar da ta fita neman ɗanta, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta bi ta hannun iyayengiji har Tarabulus. Ba zan faɗi yadda ta ƙare ba, don akwai waɗanda ba su karanta ba. Amma na san abin da zai faru a tabarmar nan. Malamin Islamiyya zai ce darasin haƙuri ne da yarda da ƙaddara, kuma ilmi ne ya ɗaukaka yaron da aka sace. Samari za su ce me ya sa marubucin ya nuna kamun bayi kamar sana'a ce ta yau da kullum, bai fito ya la'ance shi ba? Wani zai amsa musu cewa nunawar da ya yi ta fi la'anta ciwo, don masu kai harin ba baƙi ba ne, namu ne. Daga cikin gida kuma saƙo zai zo cewa sunan ɗan ne a bango, amma wahalar duk ta uwar ce. Ma'aikacin jinya kuwa ba zai bari a tashi ba sai ya kawo zancen yaranmu da har yau suke bin hanyar Agadas zuwa Libiya, da iyayen da ke zaune ba su san ko 'ya'yansu na raye ba. Littafin ɗan siriri ne, zama kaɗan ya ishe mu karanta shi, amma gardamarsa za ta fi karatunsa tsawo.

Gardama kuwa gadonmu ce a garin nan. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da shi Malam Abubakar ɗin suna cikin majalisar tattaunawa ta Bauchi, inda ake zama a yi muhawara a kan mulkin En'e da halin da talaka ke ciki, har zancen ya yi wa hukuma zafi aka rufe ta. Su ba tsoron saɓani suka ji ba, kuma su ukun ma ba ra'ayinsu ɗaya ba. Baba Malam ya taɓa cewa wata rana mu ajiye ƙagaggen labari mu ɗauki waƙoƙin Sa'adu Zungur, a samu mai murya ya rera mana Arewa Jumhuriya ko Mulukiya baiti-baiti muna tsayawa. Wannan shawara tasa ban ga wanda ya ƙi ta ba.

Ga abin da nake roƙo a wurin 'yan majalisa. Mu ɗauki Shaihu Umar yanzu, mu yi wa cikin gida alkawari a gaban kowa cewa Alhaki Kuykuyo Ne ke biye, ba tare da an sake komawa hula ba, kuma mai shagon Wunti ne zai karanta mana babin farko. Malam ya shirya mana Infaƙul Maisuri zuwa bayan salla. Samari kuma su kawo mana labarin waya guda ɗaya da marubuciyarsa ta riga ta kammala, mu saya a hannunta da kuɗinmu, kada a turo mana na sata.

Ku kuma mutanen unguwa, daga nan har Wunti da Jahun da Nassarawo, na san akwai gidajen da tsohon kwafin Shaihu Umar ke kwance a ƙasan akwati tare da takardun makaranta. Ku duba mana. Ku rubuta sunanku a shafin farko ku aiko yaro da shi zauren Baba Malam, tela zai yi masa bango da ƙyalle, kuma in mun gama za a mayar muku da abinku. Wanda yake son zama da mu ya zo ranar Asabar bayan la'asar, ya taho da tabarmarsa don namu biyun sun cika.