Ranar da na sayo bindiga

Ni dai sana'ata sa hoto a firam. Hoton ango da amarya, takardar shaidar gama makaranta, Ayatul Kursiyyu da ake ratayewa a falo, har da fuskar ɗan takara idan kakar zaɓe ta kama. Shekara da shekaru, idan mai saye ya zo sai in janyo masa sandunan firam masu tsawon kusan mita uku daga ƙuryar shago, yana kaucewa kada in tsone masa ido. Wata rana na shiga wani shago a Abuja na tarar sun jera samfur a bango: guntaye biyu, an yanke bakin kowanne a kan digiri 45, an haɗa su sun yi kusurwa, an jera su reras kamar igiyoyin saje. Mai saye ya nuna da yatsa kawai. Nan take na ƙudurta cewa ni ma sai na yi guda arba'in.

Washegari na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman sitefila irin ta masu kujerun kushin, wadda suke kira bindiga. Mai kayan ya baje mini iri uku. Ta iska ita ce sarauniya, amma sai da injin iska irin na masu faci, ni kuwa shagona ko fanka da kyar take samun wuri. Ta lantarki ma ta yi kyau, sai na tuna rabon layinmu da wuta tun shekaranjiya. Saura ta hannu, ƙarfe zalla, mai nauyi, an rubuta T50 a jikin kwalinta. Na biya. Fil ɗinta ya ce ya ƙare, in duba gaba.

A cikin adaidaita sahu na kira yaron shagona. Wayata ba ta ji sosai, don haka na ɗaga murya.

"Na samo bindigar, babba ce! Harsashin ne dai babu, amma yanzu zan nemo. Ka jera su, yau da dare sai mun gama da guda arba'in."

Wata baiwar Allah da ke gefena ta fara salati a hankali. Ba mu yi nisa ba ta ce a nan za ta sauka, alhali da kunnena na ji ta ce Sabon Gari za ta. Saurayin da ke gaba ya bi bayanta ko canji bai tsaya karɓa ba. Da muka iso na miƙa kuɗi, direba ya ce, "Haba Alhaji, bar shi kawai, Allah ya kiyaye hanya." Ya fizgi babur ɗinsa ya yi gaba. Har na shiga shago ina yabon kirkin yaran zamani.

Fil ɗin da na fara sayowa mai lamba 53 ne. Ni a wajena fil fil ne. Ashe shi siririyar waya ce, kuma ya ɗara bakin bindigata faɗi da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Na tura ya ƙi, na sa guduma ya shiga, daga nan kuma ya ƙi fita. Ina ƙoƙarin leƙa bakinta da ido ɗaya yaron ya daka tsalle ya riƙe mini hannu yana cewa, "Maigida, ina da ƙanne a gida!" Har yau ban gane abin da ya haɗa idona da ƙannensa ba.

Na koma na sayo mai lamba 140, wanda shi ne nata. Tsayinsa hawa-hawa ne, daga milimita 6 har 14. In za ka sha giya sha ta dubu, na ɗauki 14.

Samfur na farko irin na robar nan ne da ake kawowa daga Sin, waje kamar zinare, ciki kamar soso. Na danna, ya yi ƙara tas, rabi ya faɗa bayan kabad. Na biyu katako ne, kaurinsa a gefe bai wuce milimita 10 ba. Wannan bai fashe ba. Fil ya huda shi, ya huda hannun babbar rigata, ya lume cikin tebur. Daidai lokacin wata Hajiya ta yi sallama da hoton bikin 'yarta. Na yunƙura in gaishe ta, tebur ya ce bai yarda ba. Haka na yi cinikin a sunkuye, tana ta yi mini sannu da ciwon baya, har ta kwatanta mini wani mai magani.

Wani dattijon kafinta maƙwabcina ne ya zo ya ɓanɓare ni da filaya. Sai da ya gama dariya ya share hawaye, sannan ya ce, "Malam, gam ne ke riƙe kusurwa. Fil ɗan gadi ne kawai, kafin gam ya bushe." Ya shafa gam, ya matse guntayen, ya kifa su, ya harba mai milimita 8 guda biyu ta baya, a wurin da katakon ya fi kauri, kowanne ƙafa ɗaya a wannan guntun ɗaya a wancan. Ya ce manyan masu firam ma wani inji suke da shi da ake takawa da ƙafa, yana cusa ƙusa mai siffar V ta ƙasa. Na roba kuwa ya ce in yi masa gam in bar shi ya kwana.

Cikin arba'in ɗin, ashirin da uku ne suka kai bango. Bindigar tana gida, uwargida ta karɓe tana kafa ragar sauro a tagogi da ita. In kuma maganarta ta taso a waya, sitefila nake cewa.