Faifan Aro a Ƙasar Finland

Mutanen Finland ba su da yawan magana, shi ya sa da maƙwabcina ya ce, "Asabar, golf," na ɗauka harkar manya ce. Na goge farin wando, na wanke takalmi. Ashe golf ɗin faifai ne. Ba sanda, ba ƙwallo, sai faifan roba mai nauyin gram 175 da za ka yi ta wurgawa cikin daji har ya faɗa kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wani Ba'amurke, Ed Headrick, shi ya ƙirƙiro kwandon a shekarun 1970, kuma na tabbata bai yi shi domin irina ba.

Maƙwabcin ya ara mini faifansa, da sunansa da lambar wayarsa a rubuce a ƙasa, kamar yadda 'yan wasan ke yi. Ya nuna mini riƙon jifan nesa: yatsu huɗu a lanƙwashe ƙarƙashin bakin faifan, babban yatsa a sama. Na ce a raina, hannun da ya saba da fartanya za a koya wa riƙo? Na damƙe shi kamar an ba ni ajiyar ɓarawon akuya. Na juya, na fizgo hannu, faifai ya ƙi rabuwa da ni sai da lokaci ya wuce. Ya yi dama a guje, saitin wani dattijo da ke shan kofi a kan benci. Allah ya sa wani itace ya shiga tsakani. Dattijon ya dube ni, ya dubi itacen, ya ci gaba da kurɓar abinsa.

"Sassauta," in ji maƙwabcin. Ya nuna mini wani riƙon da ake baza yatsu a ƙarƙashi, wai na jifan kusa da kwando ne. Ni kuwa kwando yana can nesa, kuma ba ni da lokacin jira. Faifan ya suɓuce tun hannuna bai miƙe ba, ya kwanta a hagu, kusa da ƙafata. Wata yarinya da ba ta kai kafaɗata ba ta zo ta wuce, can sai na ji sarƙoƙi sun yi kacau.

Saura jifan gefe, mai yatsu biyu. Wannan kam ya tashi, yana kaɗawa yana rawa, ya dira a kan gefensa, ya ga gangara, ya bi ta da gudu har cikin tafki. Tsulum!

Nan maƙwabcina ya yi doguwar maganar da bai taɓa yi mini ba: "Shi na fi so."

Ruwan Finland a watan Oktoba ba na shiga ba ne, amma kayan aro ba a barin su a ruwa. Na naɗe wando, na kutsa har ƙugu, haƙora na karo, ina lalube da ƙafa cikin taɓo. Faifai biyu na fito da su, kowanne da sunan mai shi, babu nasa a ciki. Sabo na saya masa.