Nasiha ga Mai Neman Zama Ɗan Wasan Tsakiya, Bisa Tafarkin Mikel Obi

Ka sani, ya kai saurayi mai burin taka leda a ƙasashen Turai, cewa a cikin mutum goma sha ɗaya da ke shiga fili babu wanda aikinsa ya fi yawa, yabonsa kuma ya fi ƙaranci, kamar ɗan wasan tsakiya mai tsare gaban 'yan baya. Tun da yake ka nace sai wannan sana'a, ka ƙi jin maganar manyanka da suka ce ka zama mai cin ƙwallo ko ka koma makaranta, to, ya wajaba a shimfiɗa maka sharuɗɗanta bisa tafarkin wanda ya fi kowa cika su a zamaninmu, wato John Mikel Obi, wanda aka haifa a Jos a shekarar 1987, ya fara a Plateau United, ya ƙare da kofuna cike da ɗaki.

Sharaɗin farko shi ne ka yi fice da wuri, sa'an nan ka ɓoye ficen nan har abada. A shekarar 2005, a gasar matasa ta duniya da aka yi a Holan, Mikel ya yi wasan da ya sa alƙalai suka ba shi matsayi na biyu a cikin 'yan wasan gasar gaba ɗaya, kuma wanda ya sha gabansa wani ɗan ƙaramin yaro ne daga Ajantina mai suna Messi, wanda ya ci Nijeriya biyu da bugun daga kai sai mai tsaron gida a wasan ƙarshe. Wannan ya isa. Da zarar ka samu irin wannan shaida sau ɗaya, to, ka ajiye ta a ƙasan akwati, domin duk ranar da aka tuhume ka da rashin hikima a gidan kallo, masoyanka za su fito da ita su kafa hujja, ko da kuwa an shekara goma.

Daga nan sai mas'alar ciniki, wadda ita ce mafi zurfi a wannan babi. Malamai sun hana nema cikin nema a sha'anin aure, amma ga alama hanin bai isa kunnen attajiran ƙwallon Ingila ba, domin lokacin da Mikel ke ƙungiyar Lyn ta birnin Oslo a ƙasar Norwe, Manchester United ta yi shelar cewa ya zama nata, har aka ɗauke shi hoto sanye da jar rigarta, sai ga Chelsea ta fito ta ce ai ita ta riga kai gaisuwa. Aka yi ta husuma fiye da shekara guda, har aka kai ƙara gaban hukumar ƙwallon duniya, kafin a yi sulhu a 2006 bisa cewa Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta biya Lyn fam miliyan 4. Ka lura da wannan rabo da kyau: wadda ta yi renon yaron ta tashi da rubu'i, wadda bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba ta kwashe sauran. Idan ka iya sa aka biya maƙudan kuɗi don kada ka je wani wuri, to, ka wuce ɗalibi a wannan fanni.

To, idan Allah Ya kai ka babbar ƙungiya, kada ka yi jayayya da koci. A Chelsea, koci Mourinho ya karɓi yaron da ya saba raba ƙwallo a bayan 'yan gaba, ya mai da shi baya inda Makelele ke tsayawa, ya ɗora masa aikin ƙwace ƙwallo da miƙa ta ga na kusa da shi, shi kuwa ya ce ya ji ya bi. Ga ƙa'idar aikin a taƙaice: miƙa ƙwallo gefe wajibi ne, mai da ita baya mustahabbi ne, tura ta gaba halal ne idan lalura ta kama, amma ɗirka ta raga daga nesa makaruhi ne mai tsanani, wanda ba a yi sai an yi shawara. Mikel ya kiyaye wannan ƙa'ida da tsantseni irin wanda ba a cika gani ba, ta yadda a cikin wasa 372 da ya buga wa Chelsea ƙwallo shida kaɗai ya ci, kuma a gasar Firimiya sai da ya shekara bakwai yana haƙuri kafin ya ci guda ɗaya tal, a ragar Fulham, cikin watan Satumba na 2013. Bai ƙara ba. A nawa ra'ayin wannan kamun kai ne, ko da yake na san masu zaman gidan kallo suna da wani suna da suke kiransa da shi.

Fa'idar wannan zuhudu kuwa a bayyane take ga mai hankali. Mai cin ƙwallo, ranar da ya daina ci an ga aibinsa. Wanda bai saba ci ba kuwa, babu abin da za a ce ya daina. Shi ya sa aka yi ta korar masu horarwa a Chelsea, daga Mourinho zuwa Grant, Scolari, Ancelotti, Villas-Boas da Di Matteo, kowa ya zo ya tarar da mai lamba 12 a mazauninsa, ya tafi ya bar shi a nan. A daren da suka ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2012, a gidan Bayern Munich, ya yi minti 120 yana toshe kafofi, duniya ta kwana tana ambaton Drogba, shi kuwa aka rataya masa lambar zinariya daidai da ta Drogban, ba ragi ko na ƙwayar zarra. Abin da kawai zan gargaɗe ka a kai shi ne zafin rai, domin jan katin da ya karɓa a wasan ƙarshe na Kofin Lig a 2007, lokacin da aka kaure da 'yan Arsenal, ba ya cikin abin koyi.

Amma fa idan ƙasarka ta kira ka, sai ka tuɓe rigar tawali'u ka sa lamba 10, ka riƙa tafiya da ƙasaita kana nuna wa kowa inda zai tsaya. Da haka Mikel ya ɗauki Kofin Afirka a 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, ya kuma ja ragamar tawagar da ta je Olamfik a Brazil a 2016, wadda ta maƙale a Atlanta saboda matsalar jirgi, ta sauka a Manaus 'yan sa'o'i kafin wasa, ta ci Japan 5 da 4, ta dawo da tagulla, wadda ita kaɗai ce lambar da Nijeriya ta samu a wasannin. Sai dai ka shirya wa sakamako, domin da ya koma Landan sabon koci Conte bai sa shi a wasa ko sau ɗaya ba, har ya tattara kayansa a Janairun 2017.

Abin da ya rage shi ne yawon ƙarshe, kuma ba ya buƙatar dogon sharhi: Tianjin a ƙasar Sin, Middlesbrough, Trabzonspor ta Turkiyya wadda ya bari a 2020 don ya ƙi wasa cikin annobar korona, Stoke, sai Kuwait, sai ritaya a 2022. Bayan ka rataye takalmi kuma, kada ka yarda ka zama koci, domin ka ga abin da ake yi musu da idonka. Ka buɗe shirin hira a intanet kamar yadda ya yi, ka gyara zama a kujera, ka riƙa yi wa 'yan gaban Chelsea faɗa mai zafi a kan rashin iya cin ƙwallo, kamar yadda ya yi wa Nicolas Jackson.