Tsallen Igiya da Tuwon Shinkafa

Bara war haka, matan unguwarmu a Yelwa sha-ka-fashe suke saye, don kada dangi su ce miji ba ya ciyarwa. Bana kuwa yayi ya juya, kowacce ta nemi igiya, wai za a sauke tumbi. Da kuɗi aka gayyato shi, da gumi ake sallamarsa.

A gidanmu Yaya ce ta fara. Ta ga wata a TikTok, ta yi ɗaurin ƙirji, ta kwance igiyar shanya. A tsalle na bakwai kaji suka watse. A na goma sha biyu zani ya nemi tafiya. A na ashirin maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana salati, ta zaci iskokai ne suka tashi, har ta aika a kira mai ruƙiyya.

Gwaggo, wadda aka taso da su daga gungu lokacin da ruwan Kainji ya ci garinsu a 1968, tana kan tabarma tana kallon ikon Allah.

"Ke 'yar nan, me kike kora?"

"Kitse, Gwaggo. Likitoci sun ce tsalle na ƙona shi, yana kuma ƙarfafa ƙashi."

"To ga turmi can, ga shinkafa. Mu da taɓarya muka ƙarfafa namu, kuma in an gama akwai abin kaiwa baki."

Likitocin dai ba su yi ƙarya ba. Ƙashi na ƙara ƙwari idan ana dira a kansa, tsoka kuma ta fi kitse nauyi, shi ya sa siket kan yi wa mace yawa alhali sikeli bai motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Yaya ta riƙe 150 ɗin, sai dai ita tsalle take ƙirgawa, kuma a wata.

In ta yi minti uku sai ta zauna "mayar da ƙarfi": malmala biyu ta tuwon shinkafa, kan giwan ruwa daga Warra, da lemon kwalba mai raɓa. Shagon bakin layi ma sai ta hau kabu-kabu. Matan Shanga da Ngaski da ke wuni a gona da bakin ruwa ko labarin wannan yayi ba su ji ba.

Bayan mako biyu igiya ta koma bakin aikinta. Yanzu zannuwan Yaya ne a kanta, in iska ta kaɗa su yi tsallen a madadinta.