Kati Ɗaya, Hali Kala-Kala

A takarda, zama ɗan ikilisiya ba wuya. Ka shiga ajin baftisma, a yi maka, a rubuta sunanka a littafi, a ba ka kati. Daga nan ka samu wuri a Jibin Ubangiji, ka samu bakin magana a taro, dattawa kuma sun samu ikon kiranka su ja maka kunne. Da ɗan bambanci kaɗan, haka ake yi a ECWA, da HEKAN ta Kaduna, da COCIN ta Jos, da EYN wadda aka dasa tushenta a Garkida a 1923. Katin ba ya rikitarwa. Masu riƙe da shi ne abin kallo.

Fara da Baba Mai Benci. Benci na uku, gefen taga. Bai saya ba, ba a rubuta sunansa a jiki ba, amma tun majami'ar tana da rufin ciyawa a nan yake zama. In baƙo ya riga shi, ba zai ce masa tashi ba, ai a gidan Allah ake. Sai dai ya tsaya a kansa da Littafi Mai Tsarki a hammata, yana gyaran murya, har bawan Allah ya gane laifinsa ya matsa. Littafin nasa tsohon juyi ne na 1932, wanda su Likita Mila na Wusasa suka yi wa aiki, bangon ya sha ɗinki. In matashi ya hau karatu da sabon juyi, sai Baba ya riƙa binsa da ƙarfi daga nasa, yana gyara masa Hausa.

Bayansa akwai Mai Amin. Da an fara wa'azi sai ya sunkuyar da kai, a cewarsa bimbini yake yi. Matsalar ita ce, in ya farka ba ya tambayar inda aka kwana. Magatakarda na sanarwa cewa an sace batirin janareta, sai a ji daga baya: "Amin!"

Mai Doguwar Addu'a kuwa, shi ma ba mugu ba ne. A ce ya yi godiya don abinci, sai ya faro daga Adamu, ya ƙetare Bahar Maliya da Isra'ilawa, ya biyo ta kan shugabannin ƙasa, da direbobi, da masu rubuta jarrabawa. Kafin ya iso kan tuwo, miya ta daskare, yara biyu sun yi barci.

Wajen baiko ake ganin gwanaye. Akwai mai rawar dubu, baikon hamsin: ya taso daga bencin ƙarshe yana juyi, hannu a dunƙule, ya cusa shi can cikin jaka don kada hagu ta san abin da dama ta yi, ko da yake ma'aji ya sani. Akwai kuma wanda ranar gidauniyar gini ya karɓi makirufo ya yi alkawarin buhun siminti ashirin. An tafa masa. An yi rufi, an yi fenti, har yau ana jiran buhu na farko.

Ɗan Kirsimati ba ya ɓata wa kowa rai, don sau biyu ake ganinsa a shekara, 25 ga Disamba da ranar Ista. Yakan shigo da sabuwar shadda yana tambayar lafiyar faston da aka yi wa canjin wuri tun bara waccan. In ka gan shi a watan Yuli yana share benci, to aure ya taso, takardar shaida yake nema.

Sai Mama Zumunta, wadda ita kaɗai ta isa littafi. Ga anko, ga ɗankwali an kafa, ga tulu a cinya tana buga shi da tafin hannu. Ta san wadda ke da ciki tun kafin mijin ya sani. Ba ta gulma, Allah ya kiyaye. Roƙon addu'a take kawowa. "'Yan'uwa, mu sa 'yar wance a addu'a, kwana biyu ana ganin wata mota a ƙofar gidansu." Kafin a ce amin unguwa ta ɗauka. To amma a yi rasuwa da tsakar dare. Kafin Baba Fasto ya lalubo takalminsa, ta kafa murhu a gidan makoki, ta tattara karo-karo, ta raba wa mata kwanan zama. In wani ya kwanta asibiti, kwanonta ke fara zuwa, ko da Ɗan Kirsimati ne. Waɗanda suka fi kuka da bakinta su suka fi cin shinkafarta. Ni dai a ganina, in za a rage mutum ɗaya a wannan jeri, a taɓa kowa ban da ita.

Roƙona ɗaya ne ga dattawa: ranar bikin godiya mai zuwa, don Allah a ba Mai Amin addu'ar abinci.